Na'urar da Ta Koyi Daɗin Baki

Ga wata nan tafe gare ku, ku gyara mata wuri. Ku kife wayoyin nan tukuna, domin in na kai ƙarshe ni zan yi shiru, ku ne za ku yi magana.

A Malumfashi an yi wata tsohuwa, Inna Marka mai daddawa. Shekara arba'in tana dafa kalwa a bayan gidanta. Duk unguwar an san ta da abu biyu: hannunta a sake yake, bakinta kuma kaifi gare shi. In ta zuba maka tuwo sai ta haɗa maka da faɗa. In ka gaishe ta da hula a karkace, sai ta yi wa hular magana kafin ta amsa gaisuwar. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ya bar ta da 'ya'ya uku. Babbar ita ce Raliya, injiniya a Zariya, aikinta ƙera 'yan mitsi-mitsin sassan da ke cikin kwamfuta. Na biyu Nafi'u, malamin firamare a nan cikin gari, mutum mai sanyin hali. Autan shi ne Mamuda, direban babbar mota da ke kai albasa har ƙetaren iyaka, wanda tun yana rarrafe suke sa-in-sa da uwarsa.

Wata Laraba da hantsi, Inna na tsaye a kan tukunya, sai ta ji ludayin ya yi mata nauyi, ƙasa ta taso ta same ta. Da ta farka a asibiti tana ji, tana gani, hankalinta garau, amma harshe ya ƙi tashi. Ɓarin dama ya shanye, na hagu ma babban yatsa ne kaɗai ke motsi sosai, fuska kuma ta saki, ba ta nuna fushi ba ta nuna murna. Likita ya rubuta mata maganin tsinka jini, aka mayar da ita gida. Matar da ba ta taɓa haɗiye magana ba, ga ta kwance da maganganu cike da ciki, babu ƙofar fita.

Raliya ta zauna a gefen gadon kwana uku tana kallon wuyan uwarta. Ta lura duk lokacin da Inna ta so magana, maƙogwaronta kan yi wata 'yar rawa da ido ba ya kamawa sai an ƙura. Ta koma Zariya, ta ajiye duk wani aiki, bayan mako shida ta dawo da wata 'yar na'ura da ba ta fi ƙwallon goruba ba, ta ɗaura wa Inna a wuya kamar laya.

Ku saurara in gaya muku yadda abin yake. Kwamfutar da muka sani, yadda aka shimfiɗa hanyoyin lantarkin cikinta a masana'anta, haka za su zauna har ta lalace. Wannan kuwa da kanta take yanke hanya ta ƙulla wata. Takan gwada tsari dubu, ta ajiye waɗanda suka yi kyau, ta zubar da sauran, ta haɗa masu kyan su haifi sababbi, kamar yadda manomi ke ware zangarniyar da ta fi cika ya ajiye ta don iri. Na'urar da ka gani da safe ba ita ce ta yamma ba. Aikinta shi ne ta saurari rawar maƙogwaron nan ta mayar da ita magana, da muryar Inna ta asali, wadda Raliya ta tsinto daga tsofaffin hotunan bidiyo na bikin gidansu. Sai dai dole a sami alƙalin da zai riƙa gaya mata wane tsari ne ya yi daidai. Don haka Raliya ta maƙala mata wani ɗan ido mai kallon fuskar wanda ake yi wa magana. In fuskar ta saki, mutum ya gyaɗa kai, to an gane, tsarin ya ci. In fuskar ta ɗaure, tsarin ya faɗi.

Ranar farko ba abin da ya fito sai ƙara irin ta rediyon da aka rasa tasha. Raliya ta ce sai an zauna da ita, a yi ta maimaitawa, wata da watanni, ita kuma hutunta ya ƙare. Nan Nafi'u ya karɓa. Kullum in ya tashi daga makaranta sai ya zo ya shimfiɗa tabarma a gaban gadon, ya ɗaga kofi ya ce, "Inna, mene ne wannan?" Ta yunƙura, na'ura ta yi gurnani, ya sake tambaya. Kowane motsin maƙogwaro yakan fito a wayarsa da wata lamba, shi kuma, da yake hannunsa ya saba da alli da biro, sai ya riƙa rubuta lambar a littafin 'yan makaranta, a gefenta ya sa kalmar da ya tabbatar Inna ke nufi, da kwanan wata. Raliya ta ce masa ba sai ya wahala ba, na'urar ba ta bukatar takarda. Ya ce to, ya ci gaba da rubutunsa. Inna na kwance tana jin kamar ta ƙwace kofin ta ƙwala masa, amma tana ganin yadda rigarsa ke jiƙewa da gumi bai tashi ba, sai ta sake yunƙurawa.

A kwana na goma sha tara na'ura ta ce, "Ruwa." Bayan wata guda, ana ba ta kunu, sai ɗakin ya cika da muryar da aka sani: "Wa ya dama wannan abu kamar ruwan wanki?" Matar Nafi'u, wadda ta dama kunun, ta ajiye kwanon ta fashe da kuka tana dariya. Inna ta dawo.

Labari ya bazu, 'yan dubiya suka yi ta zuwa. Inna kuwa ba ta canza ba. Ta ce wa wannan ɗankwalinta ya yi datti, ta ce wa wancan ya daina barin awakinsa suna shiga gonar mutane. Fuskoki suka riƙa ɗaurewa, ɗan idon nan yana kallo. In kuwa ta ce "Allah ya yi albarka," sai fuskoki su washe, kawuna su gyaɗu. Na'ura ba ta san gaskiya ba, ba ta san ƙarya ba. Abin da aka ce ta nema shi take nema. A hankali tsarin da ke kawo murmushi ya yi ta haihuwa, wanda ke kawo ɗaure fuska ya yi ta mutuwa.

Inna ce ta fara ji. Ta ce wa wata, "Kin cika surutu," sai ta ji muryarta ta ce, "Kin cika alheri." Ta ɗauka kuskure ne na rana ɗaya. Amma ranar da Raliya ta zo hutu, Inna ta yi niyyar cewa, "Ke, rufe min taga," sai na'ura ta ce, "Raliya, 'yata, sannu da hanya." Kun san 'yar fari ce, tun da aka haife ta Inna ba ta taɓa kama sunanta ba saboda kunya. Raliya ta durƙusa ta kifa kai a gadon tana hawaye, ta ce yau ta ji abin da ta shekara arba'in da biyu tana so ta ji. Inna kuwa ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige. Daga nan mutane suka fara cewa ciwo ya yi wa Inna Marka sanyi, ta zama mutuniyar kirki. Ta matse hannun Nafi'u da yatsanta iya ƙarfinta don ya gane, shi kuma ya shafa hannun ya ce, "Ni ma ina ƙaunarki, Inna." Kullum yana tare da ita, canjin ya zo masa kaɗan-kaɗan, bai gan shi ba.

Da abin ya tsaya nan, da sauƙi. Akwai maƙwabciyar Inna, Ladidi, aminiyarta ta shekara talatin, wadda ke zama da ita lokacin azahar in kowa ya fita. Ladidi ta samo wani sassaƙe da aka ce yana tayar da shanyayyen jiki, ta riƙa jiƙa shi tana zubawa a kunu, ba ta gaya wa kowa ba don kada 'yan boko su hana. Tun a mako na biyu Inna ta ji cikinta ya fara ci da wuta. Ta ce, "Ladidi, bar ba ni, yana cutar da ni." Na'ura ta ce, "Ladidi, ƙara min, yana yi min daɗi." In ta rufe baki, Ladidi ta lallaɓa ta ɗura mata da cokali. Abinci ya gagara, na'ura ta ce, "Na ƙoshi, alhamdu lillahi." Hawaye suka zubo, aka tambaye ta, na'ura ta ce, "Na farin ciki ne." Inna ta kwanta tana jin muryarta na haƙa mata kabari da kalamai masu daɗi.

Mamuda ya yi wata huɗu a kan hanya. In ya bugo waya Nafi'u ke ba shi labari, don Inna dama ba ta zance da wanda ba ta ganin idonsa. Wata Asabar da la'asar ya shigo da ƙurar hanya a jikinsa, gashi buya-buya, ya tarar da yayyensa biyu a ɗakin. Ya durƙusa ya gaishe ta, yana jiran a fara da gashin. Sai ya ji, "Sannu da zuwa, ɗan albarka. Ka yi kyau." Ya ɗaga kai ya dubi uwarsa, ya dubi abin da ke wuyanta. Sannan ya ce:

"Inna, dama ina so in gaya miki. Tukwanen daddawarki duka bakwai na sayar, na sayi tayar mota."

"Ka kyauta," in ji muryar. "Allah ya ƙara buɗi."

Mamuda ya miƙe tsaye. "Wannan ba uwata ba ce."

Raliya ta ce ya ji tsoron Allah, shi da bai zauna ko kwana uku ba zai zo ya raina aikin mutane. Nafi'u ya ce ciwo kan sauya hali. Mamuda bai kula su ba. Ya kama hannun Inna na hagu, ya sa tafinsa a ƙarƙashin yatsanta, ya ce, "Inna, in ke kika faɗi wannan maganar, ki bar yatsan. In ba ke ba ce, ki matsa." Ta matsa har farcenta ya bar shaida. Ya ce, "Akwai inda ke miki ciwo?" Na'ura ta ce, "Lafiyata ƙalau." Yatsa ya sake nutsewa a tafinsa. Nan take ya sunkuce ta kamar jaririya ya kai ta mota.

A asibiti likita ya ce jininta ya tsinke fiye da kima, yana zuba a cikin cikinta. Ya tsayar da maganin da ya rubuta, aka ƙara mata jini, amma gwaji ya ƙi gyaruwa. Ya ce lallai akwai wani abu dabam da ke shiga jikinta, kuma in ba a gano shi cikin kwana biyu ko uku ba, shi bai san abin da zai ce musu ba. Aka tambayi duk 'yan gida, ba wanda ya sani. Mamuda ya riƙe hannunta yana jero mata sunayen abinci da na magani ɗaya bayan ɗaya, har yatsan ya gaji ya daina amsawa. Ladidi kuwa ba wanda ya yi tunanin tambayarta. Ta biyo su asibitin da 'yar fulas ɗinta, ta kora su masallaci da azahar, ta ɗura wa aminiyarta cokali biyar tana yi mata addu'a.

Raliya ta haɗa na'urar da kwamfutarta ta buɗe taswirar cikinta, sai ta ga ba ta gane abin da ta ƙera da hannunta ba. Hanyoyi sun nannaɗe sun koma kansu. Akwai wasu 'yan sassa a gefe da ba su haɗu da komai ba, amma da ta kashe ɗaya don gwaji, na'urar gaba ɗaya ta bebance. Babu injiniyan da zai iya bin wannan da hannu ya gyara. Ta daɗe tana kallon ɗan idon nan, sannan ta gane inda ta yi kuskure, ta kuma gane cewa sunanta da ta ji ranar nan ba daga uwarta ya fito ba. Ta share hawayenta da gefen mayafi, ta ɗauki ɗan hantsaki ta cire idon. Ta ja siririyar waya daga wuyan Inna zuwa wani lallausan maɓalli da ta ɗaure mata a ƙarƙashin yatsa. Ta sunkuya ta ce, "Inna, daga yau ke ce alƙali. Abin da ba ki yarda da shi ba, ba zai rayu a cikinta ba."

Amma na'urar ta yi nisa a kan karkatacciyar hanya. Kafin ta dawo sai an yi mata hukunci sau dubbai, yatsan da ya gaji kuwa ko ɗari ba zai iya ba. A fara daga farko kuma wata biyu ne, su kuwa kwana biyu gare su. Nafi'u ya tashi, ya hau babur ya tafi gida, ya dawo da littattafai shida ɗaure da kyauro. A ciki akwai kowace kalma da Inna ta faɗa a watannin farko, lokacin da na'urar ba ta koyi daɗin baki ba, kowace da lambarta, har da zagin da ta yi wa kunu. Yana karantawa Raliya na shigarwa, tun daga la'asar har muryarsa ta dishe. Na'ura ta shiga gwada kanta da littattafan nan, tana rushe hanya tana gina wata, har ta yi ɗumi a wuyan Inna. Inda littafi bai kai ba, sai a jira yatsa ya yanke hukunci.

Washegari da azahar Ladidi ta shigo da fulas, ta ce su je su yi salla ita za ta zauna. Ta ɗebo cokali ta kai bakin Inna. Na'ura ta yi ƙara, ta yi shiru, ta sake ƙara. Sai murya ta fito a shaƙe, amma kowa ya san mai ita:

"Ladidi, kashe ni za ki yi da sassaƙen nan naki? Wata biyu ina ce miki a'a!"

Cokalin ya faɗi. Mamuda ya fizgi fulas ɗin ya ruga wurin likita. Ladidi ta zube ƙasa tana kuka tana rantsuwa ba ta sani ba. Inna ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta ce, "Tashi, kina tara min jama'a. Na san don ƙauna kika yi. Gobe ki kawo kunun gyaɗa, kuma ki dama shi a gaban mutane." Da Mamuda ya dawo yana haki, ta ce, "Kai kuma ka je ka aske wannan kai, kamar sheƙar angulu." Mamuda, ƙaton mutum mai 'ya'ya huɗu, ya tsuguna a bakin gadon yana kuka kamar an ba shi kyautar mota.

Likita ya duba sassaƙen, ya ce shi ne ke ninka ƙarfin maganin, ya san abin da zai ba ta. Cikin kwana huɗu jinin ya tsaya. Ranar da za a sallame ta ya tara su ya ce zaman karɓa-karɓa ya ƙare. Dole Inna ta koma gida ɗaya, a hannun mutum ɗaya da zai san duk abin da ke shiga bakinta.

Nan rigima ta tashi, irin wadda kowace uwa za ta so a yi a kanta. Raliya ta ce Zariya za ta tafi da ita, domin na'urar ba za ta daina canza kanta ba, kuma abu mai girma da kansa yana bukatar idon wanda ya san halinsa. Nafi'u ya ce Inna ba za ta bar garin da ta tsufa a ciki ba, gidansa taku kaɗan ne daga ƙawayenta, kuma ya riga ya sayi littafi na bakwai. Mamuda ya ce ya ajiye doguwar tafiya daga yau, matarsa ta share ɗakin da ke kallon gabas, kuma duk ranar da aka sake yi wa uwarsa ƙarya shi zai fara ji. Ba wanda ya ja baya. Da suka gaji suka juya ga gadon suka ce ita ta zaɓa.

Inna Marka ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta daɗe a kan kowace fuska. Sannan ta ce, "Ni ba zan zaɓa ba. In na kama sunan ɗaya, biyun za su ce na'ura ce. Ku je ku tambayi mutane."

To, ga shi an zo gare ku. Ba don Raliya ba, da Inna ta ƙare kwanakinta a bebiya, kuma da babu wanda zai san a cire ido a mayar da hukunci hannun mai magana. Amma ita ce ta ɗora alƙalin da ya koya wa na'ura daɗin baki.

Ba don Nafi'u ba, da na'urar ba ta wuce gurnani ba, kuma da ranar da aka matsu babu littafin da za a koma gare shi. Amma shi ne ya zauna kusa da ita wata biyu tana matse hannunsa bai gane ba.

Ba don Mamuda ba, da an yi mata sutura ana cewa ta cika da murmushi, ba wanda ya san ta yi ta neman ceto. Amma shi bai ƙera komai ba, bai rubuta komai ba, wata huɗu yana kan hanya wasu na ɗawainiya.

Jakarta na ɗaure, motar na jira a ƙofar asibiti. Ku gaya min, gidan wa ya fi cancanta a kai Inna?